Fitilun UV na matatarmu sun tsufa: mu sayi sababbi kawai, ko da sauran magana?

Tambaya: Assalamu alaikum, babban Injiniya. Ni ke kula da sashen kashe ƙwayoyin cuta a matatar ruwan ƙazanta ta garinmu. Fitilun UV ɗinmu, wato masu hasken da ido ba ya gani da ke kashe ƙwayoyin cuta, na zaiba ne masu matsakaicin matsi, sun doshi shekara ashirin, suna shan wuta, kayan gyaransu sun yi wuyar samu, kuma da damina sakamakon gwajin ruwan da muke saki yakan wuce iyakar da aka gindaya mana. Shugabanni sun ce in kawo shawara kan sabon tsari, dillalai biyu har sun kawo farashi. Me zan duba kafin in sa hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena Injiniya. Takardun farashin nan guda biyu ka sa su a durowa ka kulle tukuna. Ba tumatir ba ne, ba za su ruɓe ba.

Na karanta tambayarka sau biyu, abin da na gani shi ne ciwo biyu ka rubuta a kati ɗaya. Na farko tsufa ne: shan wuta da wahalar kayan gyara. Wannan kam sabon tsari zai warkar da shi. Na biyu shi ne faɗuwar gwaji da damina, kuma shi ya fi damuna, domin yana iya zama laifin fitilu, yana iya zama ba ruwansu. In ba ruwansu, za ku kashe kuɗin, a yi bikin buɗewa da kujeru da lemo, watan Agusta ya zagayo, takardar ɗakin gwaji ta fito yadda ta saba, sa hannunka kuma yana ƙasan shawarar.

Bari in tuna mana yadda hasken ke aiki, don duk maganar a kansa ta rataya. Fitilar zaiba mai ƙaramin matsi tana fitar da haskenta mai amfani kusan duka a zango ɗaya, nanomita 254, dab da inda DNA, wato rubutun gadon ƙwaya, ya fi shan haske, wajen 260. Hasken yana liƙe wasu haruffan rubutun gado da juna, sai ƙwayar ta kasa kwafar kanta. Ba ta fashe ba, ba ta narke ba, tana nan cikin ruwan, amma an mayar da ita juya. Abin da muke aunawa shi ne rabon hasken da ƙwaya ta samu, wato ƙarfin haske sau lokacin da ta yi a cikinsa, da ma'aunin milijul a kowace murabba'in santimita. Lokacin nan daƙiƙoƙi ne ƙalilan, alhali kulorin yakan samu minti goma sha biyar zuwa talatin a tankinsa. Kulorin kuma narkewa yake ya bi ruwa lungu-lungu. Haske miƙe yake tafiya, duk ƙwayar da ta sami inuwa ta sha.

Saboda haka lamba ta farko da nake son ji daga bakinka ita ce UVT, ratsawar haske: kashi nawa cikin ɗari na hasken 254 ke tsallake santimita ɗaya na ruwanku. Ruwan da ya fito daga tsarin laka mai rai, inda bakteriya ke cinye ƙazantar, in yana lafiya, yakan tsaya tsakanin 60 da 70, shi ya sa masu zane suka saba ɗaukar 65. Mutum zai ce tsakanin 65 da 50 ai ba wata tazara. Yi lissafin ka gani. A 65, bayan santimita biyu saura kashi 42, bayan uku saura 27. A 50, bayan biyu saura 25, bayan uku saura 12 da rabi. Wato ƙwayar da ta bi ta tsakiyar fitilu biyu, santimita uku daga kowace, ba ta samu ko rabin hasken da aka yi mata tanadi ba. Dillalin da ya yi maka lissafi a kan 65, ruwanka kuma yana sauka 52 a wasu ranaku, ya sayar maka da riga daidai jikin wani.

Ido ba ya gaya maka wannan lamba. Ruwa yana iya yin garau a kofi ya kuma riƙa haɗiye UV kamar soso, domin abin da ke shan hasken sau da yawa narkakke ne: ragowar sinadaran ruɓaɓɓun abubuwa, rini daga masaƙa, ruwan jima, ruwan da ke tsatsafowa daga juji in ana kawo muku shi, sai kuma ƙarfe. Ƙarfe mugun maƙwabci ne ga UV ta fuska biyu, yana shan hasken a cikin ruwa, yana kuma kama kuben fitila, wato bututun gilashin da aka zura ta a ciki, ya rine shi launin tsatsa. Matatun da ke zuba gishirin ƙarfe don cire fosfaras sun san wannan labari. In akwai masana'antu a bututunku, irin yadda majemu suke a Sharaɗa da Chalawa a Kano, to ka sani UVT ɗinka yana da jadawalin aiki irin nasu: akwai ranar da suke sakin ruwa, akwai sa'ar da suke saki.

Na taɓa shan wahala a wata matata da ba zan ambata ba. Awon da muke yi kullum da hantsi lafiya lau, amma samfurin da aka ɗauka da asuba yakan faɗi jefi-jefi. Muka canza fitilu, muka wanke kube, muka zargi ɗakin gwaji, har aka ɓata da mai ɗaukar samfur, bawan Allah bai ji ba bai gani ba. Sai da muka ari na'urar da ke auna UVT dare da rana muka rataya ta mako uku, sannan gaskiya ta fito. Motocin kwasar masai da yamma suke juyewa, ruwan da ake matsewa daga laka shi ma da yamma ake mayar da shi farkon matata, su biyun sai su iso wurin fitilu cikin dare. Maganin bai ci ko kwatar kuɗin fitilun da muka ɓarnatar ba: ƙaramin tanki da ke sakin ruwan a hankali cikin awa ashirin da huɗu. Tun daga ranar ba na yarda da awo ɗaya a rana.

Lamba ta biyu ita ce ɓarɓashin da ke yawo a ruwa, abin da takardunku ke kira TSS. Nan inuwa take zama da gaske. Bakteriyar da ke yawo ita kaɗai ba ta da wuyar sha'ani, ɗan haske kaɗan ya gama da ita. Wadda ta shige cikin curin laka kuwa tana cikin ɗaki ne an rufo ƙofa. Shi ya sa in ka zana sakamakon gwaji, da farko layin yana gangarowa da sauri yayin da kake ƙara haske, sai ya kai wani wuri ya kwanta, ya riƙa jan wutsiya. Daga nan ko ka ninka fitilu abin da za ka ƙara kashewa kaɗan ne. In iyakar da hukuma ta sa muku tana ƙasa da inda wutsiyar ta kwanta, babu kamfanin da zai iya sayar maka da mafita a cikin kwalin fitila. Mafitar tana baya, a tankin kwantar da laka, ko a matacin yashi ko na ƙyalle mai faifai da za a sa kafin ruwa ya iso.

Akwai gwajin da ke nuna maka wannan wutsiya, kuma bai kai kuɗin fitila goma ba. Ana zuba ruwanku a ɗan faranti ƙarƙashin fitila mai miƙaƙƙen haske, a ba faranti daban-daban rabon haske daban-daban, misali 5, 10, 20, 40, 80, a ƙirga waɗanda suka rayu. Masu sana'a suna ce masa gwajin kolimeta. Ka sa a yi shi da ruwan rani, a yi da ruwan ranar da aka yi mamako, a yi da ruwan da aka tace da wanda ba a tace ba. Samfurin ya isa ɗakin gwaji cikin ƙanƙara, a ranar.

To me damina take yi muku? Abu uku ne ke iya faruwa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ruwan sama yana kutsawa cikin bututu ta tsagogi da murafan da suka fashe, kwarara ta ninka, lokacin da ƙwaya ke yi gaban fitila ya ragu da rabi. In wannan ne kaɗai, ƙarin ƙarfin fitilu zai yi magani. Ko kuma kwararar ta fi ƙarfin tankin kwantarwa, laka ta taso ta bi ruwa, TSS ya tashi daga goma sha wani abu ya haura arba'in. Wannan ba aikin fitila ba ne. Ko kuma ruwa ya cika magudanar har ya haura saman layin fitilu na sama, wani shimfiɗaɗɗen ruwa ya wuce ta can bai ga haske ba sai daga nesa. Wannan na ukun ya fi ban haushi, domin kashi ɗaya cikin ɗari na ruwa in ya wuce ba a taɓa shi ba, ragin da za ka samu ba zai taɓa wuce ninki ɗari ba, ko da sauran kashi 99 ɗin ka ƙone su ƙurmus. Ruwan da ya shigo da ƙwayoyi dubu ɗari a mililita ɗari zai fita da dubu. Abin mamaki, UVT kansa wani lokaci ƙaruwa yake da damina saboda ruwan sama ya tsarma ƙazantar, don haka kada ka ɗauka ka sani sai ka auna.

Ka ɗauko littattafan aikinku na shekara biyu ko uku. Duk ranar da gwaji ya faɗi, ka rubuta kusa da ita kwarara a sa'ar da aka ɗebi samfur, TSS, UVT in akwai, fitilu nawa ke ci, da yaushe aka wanke kube na ƙarshe. Sau da yawa kafin ka cika shafi biyu ɓarawon ya nuna kansa.

Sai maganar inda aka dosa, domin "kashe ƙwayoyin cuta" ba lamba ba ce. A Amurka, lasisin sakin ruwa a kogi yakan tsaya a kan ƙwayoyin kolifom na bahaya 200 a mililita ɗari, ko E. coli 126, a matsakaicin wata. Ga irin wannan, ƙa'idar zane da jihohin yankin manyan tafkuna suka haɗu a kai, wadda ake kira ta Jihohi Goma, ta ce kada rabon haske ya gaza 30 a ruwa mai UVT 65. In kuwa za a sake amfani da ruwan ne inda jama'a za su taɓa shi, Kalifoniya tana neman kada kolifom gaba ɗaya ya wuce 2.2 a mililita ɗari, jagorar cibiyar binciken ruwa ta NWRI kuma ta sa rabon haske 100 bayan matacin yashi, 80 bayan matacin fata mai ƙananan ƙofofi, 50 bayan tsarin RO, mai tace har narkakken gishiri. Tarayyar Turai, a dokarta mai lamba 2020/741 da ta fara aiki a 2023, ta kasa ruwan ban-ruwa aji huɗu, ajin farko E. coli kada ya wuce 10. Ka ga tsakanin 30 da 100 akwai ninki uku da ɗoriya na fitilu da wuta da kuɗi. Don haka ka tambayi shugabanninka a rubuce: iyakar yau muke zana wa, ko akwai shirin sayar da ruwan ga manoma ko masu lambun shaƙatawa nan da shekara biyar? In akwai, a bar gurbin ƙarin layin fitilu tun yanzu. Kankare da arha yake ranar da ake zuba shi, da tsada ranar da ake fasa shi.

Ƙwayoyin ma ba jinsi ɗaya ba ne a gaban haske. Kiriftosforidiyam, wadda ta kwantar da mutane kimanin 400,000 a birnin Milwoki na Amurka a 1993, ba ta jin kulorin, amma a teburin hukumar kare muhalli ta Amurka na 2006 rabon haske 12 ya isa ya rage ta ninki dubu. Bairos ɗin adeno kuwa sai 186 kafin a rage shi ninki dubu goma. Wanda ya fi shafar mu shi ne ƙwan tsutsar ciki, irin na askaris. Ɓawonsa kauri gare shi, rabon hasken da matatu ke bayarwa ba abin dogaro ba ne a kansa. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 kan ruwan ban-ruwa ta sa sharaɗi biyu: kolifom na bahaya kada ya wuce 1,000 a mililita ɗari, ƙwan tsutsa kada ya wuce ɗaya a lita. UV zai cika maka na farko, na biyun sai kwantarwa da tacewa. In akwai masu noman latas da kabeji a ƙasan bututunku, kamar yadda ake yi a gefen kogin Jakara a Kano, wannan magana ba ta takarda ba ce kawai.

Yanzu mu zo ga fitilun. Tsarinku na masu matsakaicin matsi ba kuskure ba ne a zamaninsa. An saye su da yawa daga tsakiyar shekarun 1990 saboda fitila ɗaya, mai cin kilowat uku ko kusa, tana aikin tsofaffin ƙananan fitilu masu yawa, ga ƙarancin wuri, ga magogin kube mai aiki da kansa. Aibinsu shi ne daga wutar da suke ci, kashi 10 zuwa 15 ne ke zama haske mai kashe ƙwaya, saura zafi. Zafin kuma shi ke gasa datti a jikin kube, kamar farin ɓawon da ke kama cikin butar mai shayi. Ransu wajen awa 5,000 ne, bai cika wata bakwai ba in suna ci dare da rana. Fitilun amalgam, wato masu zaiba haɗe da wani ƙarfe, masu ƙaramin matsi amma ƙarfin fitarwa, suna mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar zuwa haske mai amfani, ana ba su garantin awa 12,000 zuwa 16,000, kuma ana iya rage musu wuta in kwarara ta sauka. Manyan masu ƙera su, irin Trojan na Kanada da Wedeco na Jamus, yanzu suna da masu wat 600 zuwa 1,000 da ake jinginawa a karkace, a zaro fitila ɗaya daga sama ba tare da an ɗaga layin duka daga ruwa ba. A ganina, ga matata irin taku, amalgam ce hanya, kuma ragin kuɗin wuta zai fito fili tun watan farko.

Za a zo maka da zancen LED, cewa ba zaiba a ciki, ga Yarjejeniyar Minamata ta 2013 tana matsa wa zaiba lamba. Gaskiya ne, kuma a ƙananan na'urorin ruwan sha suna aiki. Amma har yanzu abin da suke mayarwa haske daga wutar da suka ci bai kama ƙafar amalgam ba. Ni dai ba zan sa matatar gari ta zama gonar gwaji ba.

Inda aikin sauya tsari ke cin mutane shi ne kankare da tsayin ruwa. Magudanar da aka gina wa tsohon tsari tana da faɗi da zurfi da tsawo nata, sabon kuma yana son nasa. Kowane layin fitilu da ka tsoma a ruwa yana tare hanya, ruwan baya ya ɗan tashi. Santimita kaɗan ne a kowane layi, amma in ka tara su a ranar da kwarara ta kai ƙololuwa, suna iya komawa baya su nutsar da bakin zubar tankin kwantarwa, ka gyara gaba ka ɓata baya. Sai a sa mai safiyo ya auna tsayin kowane baki da kowane bene da na'ura, kada a dogara da tsohon zane, domin abin da aka zana da abin da magina suka zuba ba kullum suke haɗuwa ba. A ƙarshen magudana kuma dole a sami abin da ke riƙe tsayin ruwa daidai, ko da tsakar dare da kwarara ta zama siririya, ko da rana tsaka a watan Agusta. Akwai ƙofa mai ma'aunin nauyi, akwai ƙofa mai mota, akwai doguwar madatsa mai lanƙwasa kamar maciji. In da wuri, madatsar nake zaɓa. Ba ta da mota, ba ta da waya, ba ta san an ɗauke wuta ba. Ka tabbata kuma ruwa yana shigowa fitilun a miƙe, a baje, ba daga kwana kai tsaye ba, in kuma magudana biyu ce, a raba musu ruwa daidai.

Yanzu buɗe durowa ka ɗauko takardun farashin. Tambayar farko ga kowane dillali: wannan rabon haske da ka rubuta, ta yaya aka same shi? Akwai na lissafin kwamfuta, wanda ke ɗauka kowace ƙwaya ta bi layi cikin ladabi ta sami rabonta daidai. Akwai kuma na gwajin gaske, inda wani mai zaman kansa ya zuba sanannun ƙwayoyi marasa cutarwa a cikin na'urar, a kwarara daban-daban da UVT daban-daban, ya ƙirga abin da ya fito. Na lissafi kullum ya fi kyan gani a takarda. Ka nemi rahoton gwajin gaske cikakke, ka duba ko kwararku da mafi ƙarancin UVT ɗinku suna cikin iyakar abin da aka gwada. Ko a nan ma akwai ɗan tarko: da wace ƙwaya aka yi gwajin? Akwai ƙwayoyin gwaji biyu da aka saba da su: MS2 tana da taurin kai, T1 kuwa laushinta ya yi kusa da na E. coli. Na'ura ɗaya, a ruwa ɗaya, takan nuna lamba mafi girma da MS2. Wanda ya yi maka alkawarin 30 na MS2 zai kawo fitilu ƙasa da wanda ya yi alkawarin 30 na T1, farashinsa ya fi sauƙi, kai kuma ka zaci abu ɗaya suke sayarwa.

Sai ragin tsufa da ragin datti. Fitila tana dusashewa kafin ta mutu, kube yana dishewa ko da magogi. Zanen kirki yana ɗauka duk fitilun sun kai ƙarshen ransu, kuben ma ya ɗan yi datti, kwarara tana ƙololuwa, UVT yana ƙasa, layi ɗaya kuma an cire shi ana gyara, duk da haka a cika iyaka. Kowane dillali zai kawo nasa lambobin ragin, ka ce ya kawo shaidar gwajinsu. Hanyar da ta fi ita ce kai ka rubuta sharuɗɗan a takarda ɗaya, ka ba su duka, su yi farashi a kai. Sannan ka jera kuɗin shekara ashirin: wuta, fitilu, cok mai daidaita wa fitila wuta, kube, robobin magogi, ruwan wanki, da kuɗin kawo su daga waje da kuɗin ƙetare. Ka nemi a rubuta farashin kayan gyara na wasu shekaru cikin kwangila, a kuma faɗi inda ma'ajiyarsu mafi kusa take. Ai ciwon da ya kawo ka wurina ke nan.

Wuta. A ƙasashen da aka ƙera na'urorin nan, ɗaukewar wuta labari ne na shekara. In ba haka abin yake a wurinku ba, wannan sashe ya fi kowane muhimmanci bayan ingancin ruwa. Fitilar zaiba, ƙiftawar wuta kawai tana iya kashe ta. Masu matsakaicin matsi sai sun huce kafin su sake kamawa, amalgam ma tana buƙatar 'yan mintuna kafin ta kai cikakken ƙarfi, ruwa kuma ba ya tsayawa jiran kowa. Kowace kunnawa tana cin ran fitila, garanti da yawa yana iyakance ta ga kamar sau huɗu a rana. Don haka ka sa UPS da zai riƙe fitilun har janareta ya ɗauka, ko ƙofar da za ta rufe ta karkatar da ruwa zuwa tafkin ajiya har haske ya dawo. Cok ɗin zamani na lantarki ne, abokan gabarsa zafi da ƙura da hawa-da-saukar wuta. Akwatin da aka bari a rana a watan Afrilu, ko wanda ƙurar hunturu ta toshe masa mataci, ba zai kai rabin shekarun da aka rubuta masa ba. A gina masa ɗaki mai sanyi, a sa abin kare tsawa, a kuma tambayi mai janareta ko injinsa zai jure irin wannan lodi.

Lokacin aikin kansa, ruwa ba zai daina zuwa ba don kuna gini. In magudana biyu ce, a yi ɗaya bayan ɗaya, cikin rani. In ɗaya ce, sai an tanadi maganin wucin gadi, ko ruwan bilic tare da sinadarin da ke kashe kulorin ɗin kafin ya shiga kogi, ko asid ɗin ferasetik, kuma a sanar da hukuma tun kafin a fara. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an yi gwajin aiki na makonni, kuma ka yi ƙoƙari wani ɓangarensa ya faɗo cikin damina, tunda ita ce mai shari'ar.

Ƙananan abubuwa da ke kayar da babban aiki: na'urar auna ƙarfin haske ita ma tana datti tana kuma kaucewa, in ba a gwada ta da wata ta ajiya lokaci-lokaci, kwamfuta za ta riƙa rage wuta bisa ƙarya. Gansakuka tana tsirowa a bakin tankin kwantarwa da bangon magudana, ta ɓalle ta naɗe fitilu, maganinta murfi da buroshi. Ƙasan magudana bayan fitilu yakan tara laka inda ƙwayoyi ke sake yaɗuwa, mai ɗaukar samfur kuma daidai nan yake tsoma kwalbarsa. Kwalbar ma a rufe ta daga rana, domin wasu bakteriya suna ɗinke raunin DNA ɗinsu in sun sami hasken rana. Ma'aikata kuma su sani hasken nan yana ƙona ido irin ciwon idon masu walda, ba a jinsa sai cikin dare, mutum ya farka kamar an zuba masa yashi. Matattun fitilu akwai zaiba a ciki, a sa cikin kwangila cewa mai sayarwa zai riƙa karɓarsu, kada su ƙare a hannun 'yan gwangwan.

Wataƙila wani a taron shugabanni zai ce a koma kulorin a huta. Kada ka yi masa dariya. Hukumar da ke kula da ruwan ƙazantar Shikago, da ta tashi ƙara matakin kashe ƙwayoyi, ta sa UV a matatar O'Brien, wadda ta fara aiki a 2016, amma a matatar Calumet kulorin ta zaɓa tare da cire shi kafin saki. Hukuma ɗaya, amsa biyu. In gwajinku ya nuna UVT yana yawan sauka ƙasa da 50, ko TSS ba ya jin magana kuma babu kuɗin mataci, ko wuta ba ta da tabbas kuma ba za a sayi UPS ba, kulorin na iya fin dacewa, da duk wahalarsa ta saye da ajiya, da lalacewar bilic a zafi, da illarsa ga kifi in ba a cire shi ba. In kuwa ruwanku yana tsaye a sittin da wani abu, laka tana kwanciya, ku zauna a UV.

Abin da za ka kai wa shugabanni a wannan makon ɗan ƙaramin kasafi ne: na'urar auna UVT ta dindindin, gwajin kolimeta sau uku ko huɗu, mai safiyo na kwana biyu, da izinin jinkirta sayayya har damina ta wuce a kan idon na'urar. Kafin nan ka sa a zaro layi ɗaya, a jiƙa kubensa da ruwan asid ɗin citric, ka ɗaga ɗaya ka duba shi a rana kusa da sabo. Ka turo mini teburin ranakun da gwaji ya faɗi, da zanen magudanar mai nuna tsayin ruwa, da shafin da kowane dillali ya rubuta UVT ɗin da ya yi lissafi a kai, sai mu zauna a kansu tare.